Yaya Nomau a Ƙofar Sito

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Nomau da ban taɓa ware ku daga nawa ba, ba za ni cika ku da lissafin rijiyoyin da na gina ba. Daga Tozai har Unguwar Lalle, wanda ya sha ruwa ya san dagin Audu magini. Shekara guda nake so in tsaya a kanta, shekarar da fari ya maimaita mu, domin a cikinta ne gidanmu ya yi abin da har yau nake ɗaga kai saboda shi, kuma a cikinta ne muka ɗanɗana kuɗarmu.

Sau uku muka yi shuka a daminar nan. Ta farko rana ta ƙone ta, ta biyu iska ta binne ta da rairayi, ta uku ta fito har gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Ya bushe a tsaye, ko karan kirki ba mu samu ba. Gulbi ya zama hanya, jakuna na tafiya a tsakiyarsa. Mata suka koma daji neman 'ya'yan itacen anza, a jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin su ciwu, ga ruwan kansa sai an sha tafiya. Soja ke mulki a lokacin. An rufe jam'iyyu, an hana taro, mutum biyar in suka tsaya a inuwa ɗaya sai ka ga suna waige-waige.

Gidanmu a Tudun Aduwa tukunya ɗaya ce: mahaifiyarmu Inna Tumba, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, sai Yaya Nomau da iyalinsa, sai ni da uwarku Hajara. Mu ba mu ci anza ba, kuma daga nan labarin ya faro. Hukuma ta aiko da hatsin agaji, jar masara cikin buhuna, aka damƙa wa wani ɗan kwangila, Alhaji Barmo, ya ajiye a sitonsa ya raba wa ƙauyenmu da rugagen Fulani da ke kewaye. Babu wanda ya tambaye mu ko mun yarda da shi. Ranar da manyan baƙi suka zo ya raba 'yan buhuna, suna juya baya ya danna kwaɗo. Daga ranar, mai son masara sai ya je ya yi masa ban-ruwa a lambunsa na fadama tun safe har la'asar. Yaya Nomau shi ne mai gadin siton. Makulli na rataye a wuyansa da igiyar fata, kuma tiyar masarar da yake kawowa ita ke riƙe da mu duka. Dogon mutum ne marar magana, mai tsoron Allah da tsoron rami. Tun muna yara ko leƙa rijiya ba ya yi.

A kasuwar Bafarawa na haɗu da Malam Isiyaku. Kasuwar ta koma ta fatu da ƙyauren ɗaki da kwanonin jere, kowa ya fito da abin da ya rage masa. Na gan shi a gefe da babur, da wani akwati ɗaure a baya, yana roƙon mutane su yi masa magana suna kauce masa. Ya ce da can a wani gidan talabijin yake aiki, ya bari saboda an ce ya riƙa ɗaukar hoton buhuna, ban da fuskoki. Yanzu fim yake haɗawa, ba na wasan kwaikwayo ba, irin wanda ake ɗaukar mutane yadda suke, a kan yadda talakawa ke fafutukar a bar su su zaɓi masu riƙe al'amuransu. Ya zaga birane, ya ɗauki ɗalibai da 'yan ƙwadago da matan da aka tsare mazajensu. Ƙauye ne ya gagare shi. Na kai shi gida ne don baƙo ne kuma rana ta take, ba don na fahimci aikinsa ba.

Inna ta sa aka ba shi ruwa, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana saurare, yana ba mu labarin ƙasashen da jama'a suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, ba bindiga ba wuƙa, suka tsaya a fili har masu mulki suka sauka. Ya ce sunan abin juyin juya hali.

"Ɗan nan," in ji Inna, "ni juyi guda na sani, juyin masa cikin tanda. In ba ka juya ba ta ƙone, in ka yi gaugawa ta watse. Waɗanga mutanen naka, da sunka tsaya ga fili, wa ya ba ɗiyansu abinci?"

Malam Isiyaku ya ce bai sani ba. Inna ta ce to ya tambayo. Amma ta ce a ƙara masa tuwo.

Bayan kwana uku aka kira ni yasar rijiya a rugar Ardo Juli. Shekara da shekaru ina yi musu aiki, ban taɓa fitowa daga rami ba a tare ni da ƙwaryar nono ba. Ran nan na fito, sai Ardo da kansa ya miƙo mini ruwa zalla yana kau da kai. Garken da na sani ido ba ya ƙure shi saura shanu bakwai, biyu ma sai an cicciɓe su suke tashi. Ya ce sau huɗu yana zuwa sito ana ce masa babu sunan Fulani. Ba ƙara yake kawo mini ba, haƙuri yake ba ni na rashin nono. Ni kuwa da safen nan tuwon jar masara na ci na ƙoshi, ina tsaye a gabansa ina jin nauyinsa a cikina. Kafin in iso gida na san abin da za ni yi. An hana taro, amma ba a hana gayya ba, kuma babbar rijiyar garinmu tana bukatar yasa.

Washegari da hantsi na sami Yaya Nomau a zaure yana ɗinkin takalminsa. Na ce masa za ni kira gayya, idan jama'a ta taru za mu zaɓi mutum uku da za su riƙa rabon hatsi, daga nan mu je sito mu nemi a ba su makulli. Bai ɗago kai ba.

"Audu, ka san abin da ɗiyanka ke ci?"

"Na sani, Yaya."

"Amana anka ba ni, kuma na amsa gaban mutane. In kunka zo, za ku ishe ni ga ƙofa. Ba za ni kauce ba don kai ƙanena ne."

"Ba mai taɓa ka. Zama kawai za mu yi."

"To ku taho da tabarmi," ya ce, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Hajara tana da cikin Sa'adu a lokacin, cikin ya tsufa. Ta ji duk abin da muka faɗa ta bayan zana. Da na shigo tana tankaɗe, ba ta dube ni ba.

"Malam, in ka fasa, ban san da wane ido za ka koma rugar Ardo ba. In ka yi, ban san mi za ni ba yaran ga ba. Duka biyun ban da amsarsu. Amma ranar ka ajiye mini wuri a gaba."

Ranar Alhamis aka yi gayyar. Jama'ar da ta zo ta ba ni tsoro: manoma, Fulani da sandunansu, mata da goyo, har tsofaffin da na ɗauka ba su iya fitowa. Na fara shiga rijiyar na yi aiki na gaskiya, don kada wani ya ce mun yi ƙarya da sunan gayya. Aka yi ta jawo guga cike da laka da tsakuwa ana juyewa a gefe. Daga cikin tsakuwar nan kowa ya ɗauki guda. Aka jera ƙore shida a gindin gawo, kowace da mutum tsaye a bayanta, wanda ka yarda da shi ka jefa masa. Wasu maza suka ce mata ba za su jefa ba, ba a taɓa yi ba. Tasalla ungozoma ta tambaye su wa ke daka hatsin in an kawo, wa kuma yaro ke kama wa zane in ya ji yunwa. Na'ibin liman, Malam Ɗahiru, ya ce shi bai ga inda aka hana ba. Mata suka jefa. Aka juye ƙoren a kan tabarma aka ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Tasalla ce ta fi kowa, sai Malam Ɗahiru, sai Ardo Juli, wanda manoman da suka sha rigimar ɓarna da shi suka jefa wa da hannunsu. Ni ma an ajiye mini ƙwarya, kuma ku sani na faɗi. Tsakuwa goma sha ɗaya na samu, ta uwarku ba ta ciki, Tasalla ta jefa wa, ta kuma gaya mini. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin ta ran nan ba. Malam Isiyaku yana ta zagaye da kyamara a kafaɗa, gumi na zuba, yana cewa mu hanzarta batirinsa ba shi da yawa. Ba wanda ya hanzarta.

Daga bakin rijiya muka nufi sito, kowa da ƙwarya ko kwano babu komai a ciki. Muka zauna a ƙasa cikin rana. Yaya Nomau yana tsaye a ƙofa kamar yadda ya faɗa, da gora a hannu. Alhaji Barmo ya leƙo daga zaurensa ya ce masa duk wanda ya matso ya fasa masa kai, sannan ya shiga mota ya tafi kai ƙara. Malam Ɗahiru ya tashi ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo mu. Yaya ya ce ba shi da izini. Muka ci gaba da zama. Azahar ta yi muka yi taimama muka yi salla a wurin, shi ma ya yi tasa a bakin ƙofa, gorar na gefensa. Wani tsoho ya some aka janye shi inuwa. A nan ne haƙurin samari ya ƙare, suka miƙe daga baya suna tsintar duwatsu, suka yunƙuro. Yaya ya ɗaga gorar sama. Ni na ruga bayan taron na shiga tsakiyarsu, ina kama hannuwa ina roƙo, don na san dutse guda in ya tashi, zaɓenmu ya zama fashi.

Ina can sai na ji wurin ya yi tsit. Inna ce ta taho, ita da ta shekara biyu ba ta wuce zaure ba, tana dafe da kafaɗar Hajara, ɗaya na ɗingishi ɗaya na fama da ciki. Aka dare musu hanya. Na hangi Malam Isiyaku ya sauke kyamara yana bubbuga ta da tafin hannu, batir ya mutu. Inna ta tsaya a gaban ɗanta. Daga inda nake ba a jin komai, mutane kuma suka miƙe suka tare mini gani. Ƙarar faɗuwar gora kawai na ji. Da na kutsa na iso, makulli na hannun Inna, tana miƙa wa Tasalla.

Kwana uku ana rabo a fili, gida gida, ruga ruga, gwargwadon bakunan da ke ciki. Ba a yaga buhu ko ɗaya ba, kuma gidan Alhaji Barmo ma an aika musu nasu kason. Yaya Nomau ne ya riƙa ɗauko buhunan a bayansa. Rana ta huɗu 'yan sanda suka zo da mota, domin Alhaji ya ce fasa masa sito muka yi. Aka tambayi wanda ya kira gayya, na ce ni ne. Malam Isiyaku ya riga ya tsallaka ta Sabon Birni ya shiga Nijar, kasetinsa cikin ƙunshin fatu. Ni na yi wata tara a kurkuku. Amma da aka yi bincike ba a mayar wa Alhaji makulli ba, kuma hatsin da ya biyo baya a hannun mutanenmu uku aka sauke shi. Tudun Aduwa ba ta watse ba kamar wasu ƙauyukan da a yau sai kufai.

Ina wata na biyar a kurkuku Inna ta rasu. Ban yi mata salla ba, ban ɗauki makararta ba, a bakin wani mai kawo ziyara na ji. Wannan har yau ban gama haɗiye shi ba. Sa'adu ma ba ni na yi masa huɗuba ba. Alhaji ya kori Yaya, ya karɓe 'yar fadamar da ya ba shi aro, gida biyu suka rataya a wuyan mutum guda ba shi da sana'a sai noma, ga ƙasa ta ƙi. Sai ya ɗauki dagina na haƙar rijiya. Mutumin da ba ya leƙa rijiya ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce a saukar da shi. Hajara ta ce kullum kafin ya fita sai ya zaga bayan gida ya yi amai, ya kuskure baki, ya saɓa dagi. Da haka kuka ci, ku duka. Na fito na same shi da tarin da bai sake shi ba, ƙurar rami ta zauna masa a ƙirji. Ya ƙara shekara shida a duniya. Shi ba mai magana ba ne, ni kuma kunya ba ta bar ni na tayar da zancen sito ba har muka binne shi.

Sai bayan soja sun bar mulki, mun yi furfura, Malam Isiyaku ya dawo da fim ɗinsa. A ɗakin taron wata makaranta a Isa aka nuna shi bayan azahar, an toshe tagogi da tabarmi. Muka ga ɗalibai na gudu cikin hayaƙi, muka ga 'yan ƙwadago da kwalaye, muka ga lauyoyi da matan da suka tsufa suna jiran mazajensu. Na gane cewa ashe ba mu kaɗai ba ne, ƙasar gaba ɗaya tana ta turawa daga kowane gefe. Can sai ga gawonmu, ga ƙore shida, ga Tasalla da Ardo Juli waɗanda duk sun riga mu gidan gaskiya. Ɗakin ya ɗauki salati, kowa na nuna nasa. Sai ga Yaya Nomau ya cika bango, gora a sama, fuska a murtuke. Wata murya mai daɗi da ban sani ba ta ce a ko'ina azzalumi yana da karen da ke tsare masa ƙofa. Daga nan hoton ya tsallake zuwa mata ɗauke da masara suna dariya. Balki, babbar 'yar Yaya, tana zaune kusa da mu. Na ga ta jawo mayafi ta rufe fuskarta.

Na tashi na je na tsaya a gaban hasken, inuwata ta rufe bango. Na ce a tsayar. Aka tsayar.

"Malam Isiyaku, kana nan ranar. Wa ya buɗe siton ga?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Yayanka ne ya ba da makulli. Batir ya mutu ban ɗauka ba. Da yaran da suka haɗa mini fim ɗin suka sa wannan magana, na ji ta, na bar ta, don labarin ya fi tafiya in da mugu a ƙofa. Laifina ne, Malam Audu."

Sai na ji muryar Hajara daga cikin mata. Uwarku ba ta taɓa magana a taron maza ba, ranar ta miƙe tsaye.

"Ni ke riƙe da Inna, ni kaɗai na ji. Yaya ya roƙe ni kada in hwaɗi, don ya yi hawaye gaban ƙanwa. Yau kam za ni hwaɗi, Allah shi yafe mini. Inna ta ce, Nomau, amanar wa ka riƙe? Ya ce ta Alhaji. Ta ce, hatsin na Alhaji ne? Ya ce a'a. Ta ce, to ga masu abu sun zo. Sai ya ciro makulli da hagu, don damarshi na riƙe da gora, ya miƙa mata. Inna ta mai da hannuwanta baya. Ta ce, ban haifi ɗan da zai miƙo mini abu da hagu ba. Ya dubi gorar, ya sake ta. Ya mai da makulli ga dama, ya durƙusa ya ba ta. Ya ce, Inna, tun da sahe nike roƙon Allah shi kawo wanda za ni iya ba."

Wasu suka yi dariya saboda sun san halin Inna, wasu suna share ido. Tsofaffin da suka ci masarar nan suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa gaida Balki, har da ɗan Ardo Juli, wanda ya ce rijiyar da suke sha har gobe Nomau ne ya ƙara mata zurfi. Balki ta buɗe fuskarta. Malam Isiyaku ya roƙi Hajara ta sake faɗa ya ɗauka. Ta ce sai in Balki za ta tsaya a gefenta, kuma ya tabbata batirinsa a cike yake. Ya ɗauka, ya liƙa a ƙarshen fim ɗin, ya kuma cire waccan magana.

Sai dai na farkon ya riga ya bazu, shi ne ke yawo a wayoyi, kuma na san kun gan shi kun yi shiru don kada ku ɓata mini rai. Fim ɗin mai kyau ne, ku kalle shi, ku ga abin da mutane suka sha kafin a ba ku damar dangwala yatsa. Amma duk wanda ya nuna muku dogon mutumin nan mai gora ya tambaya ko kun san shi, kada ɗayanku ya sunkuyar da kai. Ku ce masa ubanku ne.